Hannun alloli a waƙar Homa, kamar yadda na bi shi shafi-shafi

Da na zauna karatun Iliyad, tsohuwar waƙar Homa mawaƙin Girkawa kan yaƙinsu da birnin Taroy, daga farko har ƙarshe, na ɗora wa kaina wani ɗan aiki: duk inda ɗaya daga cikin allolin Girkawa ya tsoma baki a al'amarin mutane, in ja layi a gefen shafi, in tambayi kaina ko labarin zai tsaya da ƙafarsa idan an cire shi. Aikin ba na rana ɗaya ba ne, don waƙar kashi 24 ce, baitocinta sun haura 15,000.

Wasu wuraren ba su da wuyar sha'ani. Menelawus na ɓangaren Girkawa ya kama Faris ɗan sarkin Taroy ta kwalkwali yana jan sa a ƙasa, allahiya Afrodayit ta tsinke igiyar haɓar, ta lulluɓe shi da hazo, ta dire shi a ɗakin kwanansa. Cire ta a nan, Faris gawa ne.

Inda na daɗe shi ne kashi na 1. Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ce zai ƙwace wa jaruminsu Akilis baiwarsa Birisayis a gaban taro. Akilis ya kai hannu ga takobi, ya fara zarewa, zuciyarsa na raba masa biyu: ya sare shi ko ya haƙura? Sai allahiya Atina ta zo ta bayansa ta damƙi gashinsa, ba mai ganin ta sai shi kaɗai. Ba ta riƙe masa hannu ba. Cewa ta yi ta zo kwantar masa da fushi in zai ji maganarta, ta kuma yi masa alkawarin kyauta ninki uku nan gaba. Shi da kansa ya tura takobin cikin kube. To, aikin wa za a kira wannan? Tun kafin ta sauko yana ta wasiwasi, kuma da ya so ƙi, ƙofa a buɗe take. A nan na gane Homa ba ya raba biyun: abu ɗaya ne, allahiya ta yi shi, mutum ma ya yi shi.

Kashi na 19 ya ƙara tabbatar min. Agamemnon ya tsaya yana ɗora wa Zus, sarkin alloli, da ƙaddara laifin rufe masa ido, amma bai ce a yafe masa bashi ba. Ya mayar da Birisayis, ya fito da dukiya ya biya diyya.

Su kansu allolin suna da iyaka. Zus ya so tsamo ɗansa Sarfedon daga mutuwa a kashi na 16, matarsa Hira ta taka masa birki da cewa kowane allah zai nemi a ceci nasa ɗan. Ya haƙura, ya zubo ɗigon jini daga sama.

Wurin da har yau bai kwanta min a rai ba shi ne mutuwar Hekta, babban jarumin Taroy, a kashi na 22. Atina ta rikiɗe ta zama ɗan'uwansa Dayifobus, ta ce masa su tsaya su fuskanci Akilis tare. Hekta ya jefa mashi, garkuwa ta mayar da shi, ya waiwaya ya kira ɗan'uwansa ya miƙo wani, babu kowa. A wurina wannan yaudara ce tsagwaronta, kuma mawaƙin bai yi mata kwaskwarima ba. Hekta ya gane an yi masa wayo, ya san kwanansa ya ƙare, duk da haka ya zare takobi ya afka wa Akilis. A gefen wannan baitin ban ja layi ba, don babu allan da ya sa shi.