Kariya a Tukunyar Fure da Lafiyar Kyanwa

Ga wanda yake ajiye kariya a tukunyar fure kuma yana da kyanwa a gida, amsar tambayar ko wannan tsiro yana cutar da kyanwa ba ta da kwana-kwana: kariya guba ce ga kyanwa, kuma gubarta tana iya kisa. Ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta sanya wannan tsiro, wanda masana kimiyya suke kira Adenium obesum, cikin jerin tsirran da suke cutar da kyanwa da kare da doki.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta fi shafarmu shi ne kariya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Asalinta daga busassun yankunan Afirka ne da Ƙasar Larabawa, kuma an saba ganinta da kumburarren gindinta, tana fitar da furanni masu launin hoda a tsakiyar rani, lokacin da ganyenta ya kaɗe. Daga baya ne masu renon furanni, musamman a ƙasar Tailan, suka samar da ire-irenta masu launi iri-iri, har ta zama kayan ƙawa da ake saya a bakin titi a ajiye a baranda ko gefen taga. Wannan ƙaura daga bayan gida zuwa cikin falo ita ce ta kusantar da ita ga bakin kyanwa.

Gubar tana cikin dukkan sassan tsiron, amma ruwan da yake tsattsafowa idan an karya reshe shi ne babban abin tsoro. Yana ɗauke da sinadarai masu aiki kai tsaye a kan zuciya, dangin maganin digoxin da likitoci suke bai wa masu ciwon zuciya bisa awo mai tsauri. Aikinsu shi ne hana ƙwayoyin tsokar zuciya musayar gishirin sodiyam da fotasiyam yadda ya kamata, sai bugun ya rikice, ko dai ya yi ƙasa sosai ko ya riƙa tsalle ba tsari. Ba a banza ba ne mafarauta a sassa daban-daban na Afirka suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da ruwan wannan tsiro. Dangi ɗaya suke da tumfafiya, wadda kowa ya san ba a wasa da ruwanta.

Akan ce ai kyanwa ba ta cin ganye, kuma ɗacin kariya ya isa ya kore ta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin babbar mage takan ɗanɗana ta bari. Sai dai 'yar kyanwa mai ƙiriniya tana tauna duk abin da ya motsa a gabanta, sannan akwai wata hanya da mutane ba sa lura da ita. Ranar da aka yi wa kariya aski, guntayen rassa sukan zube a ƙasa suna naso, kyanwa ta taka ko ta goga jikinta, can kuma ta koma gefe ta zauna tana lasar tafin ƙafarta har sai ya yi fes. Ta haka ruwan yake shiga cikinta ba tare da ta ciji ko ganye ɗaya ba, kuma dabbar da nauyinta bai wuce kilo 3 ko 4 ba, kaɗan ya ishe ta.

Alamun farko su ne dalalar da miyau, amai, zawo da ƙin abinci, daga nan sai kasala da rikicewar bugun zuciya. Wanda ya ga haka kada ya tsaya ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri kamar yadda aka saba, domin ba sa karya wannan guba, kuma ɗurar tana iya sa ta shaƙe. A goge mata baki da ƙafafu da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ɗauki guntun tsiron cikin leda, a garzaya wurin likitan dabbobi, wanda yake da gawayin asibiti mai tsotse guba daga hanji, da ƙarin ruwa, da magungunan daidaita bugun zuciya.

Ni dai shawarata ita ce a fitar da kariya daga duk ɗakin da kyanwa take shiga, don ɗora tukunyar a wuri mai tsayi ba dabara ba ce ga dabbar da take hawa katanga. Idan za a yi wa kariya aski, a rufe kyanwar a ɗaki, a sa safar hannu, a tattara guntayen tas, sannan a wanke daɓen kafin a sake ta.