Kafin ka kama hanyar karatu a Ingila

Ɗalibai da dama a Abuja suna samun gurbin karatu, sai biza ta gagara saboda abin da bai kai ya kawo ba. Fara duba sunanka. Idan takardar WAEC ta ce Muhammad, NIN ta ce Mohammed, fasfo kuma ya zo da wani rubutun, ka gyara tun yanzu, don gyaran suna yana cin makonni.

Inda aka fi faɗuwa shi ne shaidar kuɗi. Dole kuɗin makaranta da na zama su kwana 28 a jere cikin asusu, kada su ragu ko da yini ɗaya, kuma takardar banki kada ta wuce kwana 31 da fitowa ranar da ka nemi biza. Ga abin da ke ba ni tausayi: iyaye su tara daidai adadin da naira, Fam ya tashi, kuɗin ya gaza. Ku ɗora wani abu a kai. Asusun kuma naka ne ko na iyayenka, na kawu ba ya shiga.

Gwajin tarin fuka da ake buƙata don neman biza ana yin sa a asibitin IOM (hukumar kula da ƙaura ta duniya) da ke Abuja, takardar tana aiki wata 6. Je ka da wuri, domin idan hoton ƙirji ya nuna wani abu, gwajin majina yana kai mako 8.

Lambar CAS kuwa, wato shaidar an ba ka gurbin karatu, jami'a ce ke bayarwa, babu neman biza sai da ita. Ranar tafiya, ainihin takardunka su zauna a jakar hannu, kada su shiga akwati.