Yadda na taka gaɓar Tafkin Kivu da ɗan guzurina

Abin da ke sa mutane su ɗauka Ruwanda ƙasar masu hannu da shuni ce shi ne goggon biri. Takardar izinin ganinsu a gandun dajin Volcanoes da ke tsaunukan Virunga dala 1,500 ce ga baƙon da ya zo daga wajen Afirka, kuma awa ɗaya tak za a bar shi a gabansu. Ni ba wannan ya kai ni ba. Tafiyar ƙafa na je yi, ita kuwa ba ta cin kuɗi kamar yadda take cin gwiwa.

Ƙasar ba ta da girma, murabba'in kilomita 26,338 ce, ta ɗara jihar Kano da kaɗan. Ɗan Afirka ba ya biyan kuɗin biza idan zamansa bai wuce kwana 30 ba. Na riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, na kuma zazzage duk wata leda daga jakata, domin tun 2008 aka haramta ta a can. A Kigali na sauka a Nyamirambo, unguwar da Musulmi suka fi yawa. Ga masallatai, ga shayi da capati, ga masauki mai sauƙin kuɗi. Kafin na bar birnin na je Gisozi, inda aka binne mutum sama da 250,000 da aka kashe a kisan kiyashin da aka yi wa Tutsi a 1994. Wanda ya shiga wurin nan ba zai yi gangancin tambayar kowa ƙabilarsa a hanya ba.

Daga tashar Nyabugogo na hau bas zuwa Rubavu, garin da ke bakin tafkin, jikin iyakar Kwango. Nan hanyar da ake kira Congo Nile Trail ta fara. Tsawonta kilomita 227 ne har Rusizi a kudu, mai tafiya a ƙasa kan share kamar kwana 10. Ni ɓangaren arewa na ɗauka, daga Rubavu zuwa Karongi. Ba kuɗin ƙofa, ba dole sai da ɗan jagora ba, domin hanyar mutanen gari ce, ta ratsa gonakin ayaba da na kofi da ƙauyuka.

Mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kilomita 20 ba wani abu ba ne. A nan lissafin daban yake. Tafkin kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,460, hanyar kuma ba ta bin bakin ruwa. Ka hau tudu har numfashi ya ƙare, ka gangara kwari, ka tsallake ɗan rafi, ka tarar da wani tudun yana jiranka. Ƙauyen da kake hangen rufin kwanonsa yana ƙyalli, sai ka yi awa biyu ba ka isa ba. Gangara ta fi hawa wahala. Hawa huhu yake ci, gangara kuwa gwiwa da yatsun ƙafa, musamman in an yi ruwa jar ƙasar ta zama santsi. Sanda irin ta makiyaya ta yi mini amfanin da takalmi mai tsada bai yi ba. Da na idar da sallar Asuba nake kama hanya, saboda hadari ya fi haɗuwa bayan Azahar, kuma ina son la'asar ta same ni a masauki.

A wani hawa kusa da Kinunu wata dattijuwa ta cim mini. Buhun ɗanyen kofi ne a kanta, jajayen 'ya'yan suna leƙowa ta bakin buhun, ƙafarta da silifas da ya sha ɗinki. Ta ce “Muraho”, na amsa, ta nuna jakata ta girgiza kai, sannan ta rage sauri muka jera har saman tudun. Tana kai kayan ne inda ake wanke kofi a auna. Daren ranar na fitar da rabin tufafina na bar su a masauki.

Batun abinci sai da lura. A ƙauyuka naman alade ba baƙon abu ba ne, don haka na bar nama gaba ɗaya sai a Nyamirambo. Ban ji yunwa ba. Akwai wake, dankalin turawa, dafaffiyar ayaba, fiya, da ƙananan kifin tafkin da suke kira sambaza, a soya su ƙarau a matsa lemun tsami. Akwai kuma ikivuguto, nono mai kauri da ake sayarwa a shagunan madara. Ba a son mutum ya riƙa ci yana tafe a titi, sai ka samu wuri ka zauna. Ruwan sha kuwa na gora nake saye, ko in sa a tafasa mini. Na kwana a gidajen baƙi na coci da na masu gonakin kofi. Ɗaki mai tsabta da gidan sauro, ba wanda ya hana ni shimfiɗa sallayata. Ka riƙe ƙananan kuɗi a hannu, banki sai manyan garuruwa.

Wanda zai je ya zaɓi tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da ruwa ya ɗauke. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ranar Umuganda ce, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya, shaguna a rufe, motoci a tsaye har wajen ƙarfe 11, kada ka sa tafiyar mota a safiyar. Sannan ka bi labarai kafin ka nufi Rubavu, domin birnin Goma na Kwango yana tsallaken iyaka, kuma 'yan tawayen M23 sun kama shi a Janairun 2025.