Yadda na daina yi wa autana ɗura

Autana yana ɗan shekara uku ya ɗaura yaƙi da tuwo. In an ajiye masa malmala sai ya kau da kai, ya damƙe baki kamar maɗaci aka miƙa masa. A ƙauyenmu, nan gefen Ringim, maganin irin wannan yaro sananne ne: ɗura. A kwantar da shi a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a tsiyaya koko, in ya ƙi haɗiyewa a toshe hanci. Haka aka yi mana, haka na yi wa yayyensa. Har maganin cin abinci na ruwa na saya masa a kemis, ban ga abin da ya ƙara masa ba sai barci.

Wata ranar ya ƙware, ya kwana yana tari, gari na wayewa na goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi. Ma'aikaciyar ta ɗaura masa tef ɗin nan mai launi uku a damtse. Ja shi ne ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Nasa ya tsaya a ruwan ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, wato matsakaiciyar tamowa. Ta ce kokon ɗura yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, ya jawo ciwon huhu. Sannan ta sa na lissafa mata duk abin da ke shiga bakinsa daga asuba. Na fara: shayi da burodi, biskit daga hannun kakarsa, alewa, zoɓon leda, wani biskit ɗin da la'asar.

“To, maman yaro,” in ji ta, “ina cikin da tuwon zai shiga?”

Kunya ta rufe ni. Ashe yaron nan a ƙoshe yake zuwa gaban kwano, ga kuma tsoron hannuna.

Hana biskit ɗin shi ne babban aiki, domin ba ni da bakin gaya wa Inna, uwar maigida, ta daina. Ɗanta na tura. Daga ɗaki ina jin ta tana cewa, “Ni za a hana in ba mijina abin daɗi?” Da ƙyar aka sasanta a kan dafaffen ƙwai, bayan ta gama jan kunnenmu cewa ƙwai yana koya wa yaro sata. Kajinmu ne ke yin ƙwan, da can kasuwa muke kai shi mu sayo biskit da kuɗin. Har yau in na tuna sai in yi dariya.

A asibitin aka ba shi maganin tsutsar ciki da ɗigon bitamin A, aka koya mini haɗin garin da ake kira Tom Brown: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A jiƙa waken a cire ɓawon, a shanya, a soya kowanne daban, a kai niƙa. Ina dama masa da kauri, har ya kama cokali, domin kokon da ya tsinke ruwa ne kawai ke cika ciki.

Sauran kuwa haƙuri ne. Ina zaunar da shi cikin yayyensa, in zuba masa kaɗan a kwanonsa. Ba lallashi, ba tsawa. In bai ci ba in ɗauke, kuma ba ya samun komai sai ruwa har lokacin ci na gaba. Kwanakin farko zuciyata ta kusa karaya. Zogale ya ƙi shi fiye da sau goma, a kwaɗo, a miya, duk ya tsince ya zubar. Ranar da na yi dambu na sa shi ya tsinko mini ganyen da kansa, sai ga shi yana kai loma yana cewa nasa ne.

Ita kuwa 'yar farina, mai shekara 14, nata salon daban. Taliya da yaji, sai shayi, shi ke nan. Ta fara jiri a makaranta, aka auna aka ce jininta ya yi ƙasa, abin da ke yawan samun 'yan mata bayan sun fara al'ada. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce ta raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, ta riƙa matsa lemon tsami a kwaɗo. Budurwa ba a zaunar da ita a ce ci. Madafa na sakar mata kwana biyu a mako. Abin da ta girka da hannunta ba ta raina shi: ɗanwake, alale, awara, ranar kasuwa kuma babanta ya sayo 'yar hanta.

Bayan wata uku tef ɗin auta ya koma kore, wato ya fita daga tamowa. Ita dai yayar har yanzu ba ta cin miyar kuka, na kuwa ƙyale ta, tunda tana shan ta yakuwa har ta nemi ƙari.