Yadda na gano abin da ke sa bayan kekena kuka

Kekena na hawan duwatsu gwanjo ne, irin mai shokazoba gaba da baya, kuma yawancin tuƙina a gargadar tsaunukan Shere ne da ke gefen Jos. Da hunturu ya kankama sai bayansa ya fara kuka: ƙiiƙ-ƙiiƙ in na danna feda a hawa, sai kuma wani ƙwas idan tayar baya ta faɗa rami. Duk wanda ya ji sai ya ce shokazoba ce ta mutu. Wani dattijo mai gyaran keke ne kaɗai ya saurara da kyau, ya ce, "Ɗana, jikin keken nan kamar ganga yake, a buga nan ka ji can. Kada ka sayi komai tukuna."

Don haka na fara da abubuwan da ba sa cin kuɗi. Na zare sandar sirdi na goge, na shafa giris, na kwance feda da ƙarfen da ya ratsa tsakiyar tayar baya na yi musu haka. Kukan bai gushe ba, ko ina zaune ko na miƙe a kan feda, wanda ya nuna sirdi ba shi da laifi.

Ƙwas ɗin ya fi sauƙin kamawa. Ka ajiye keke a ƙasa, ka riƙe sirdi ka ɗan ɗaga shi a hankali, yatsan ɗaya hannun yana kan notin da ya ɗaure shokazoba. Idan jikin keke ya motsa kafin taya ta bar ƙasa, akwai lilo. Nawa a ƙarƙashin yatsana na ji shi. Bushin ɗin da ke cikin idon shokazoba ne ya cinye, ɗan zobe mai faɗin ciki milimita 12.7, wanda dama an yi shi ne don ya riƙa cinyewa a madadin shokazobar. Abu mafi arha a duk bayan keken.

Ƙiiƙ ɗin ne ya ba ni aiki. Na cire taya da shokazoba gaba ɗaya, na riƙa ɗaga ƙafafun baya, wato ƙarafan da ke riƙe tayar, ina saukewa da hannu. Ya kamata su tafi sumul, amma nawa suna gurzawa, har da wani wuri da suke ɗan cijewa. Na bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya da alanki, ina jera noti da washa a kan kwali yadda suka fito, domin washar da ta koma ba wurinta ba sabon kuka za ta haifar. A babbar gaɓar da ke saman feda na tarar da boris biyu masu lamba 6902. Da na ɓamɓare robar ɗaya da bakin reza, babu giris ko kaɗan, sai jan gari na tsatsa da ƙura. Ƙurar ta hunturu ce, amma tsatsar aikin ruwa ne, irin wanda injin wankin mota ke cusawa ta bayan roba. Ni bokiti da soso nake amfani da su, amma keken gwanjo ne.

A nan akwai abin lura. Boris ɗin gaɓa ba ya zagayawa kamar na taya, ɗan gaba da baya kawai yake yi a wuri ɗaya, yana ɗauke da nauyin mutum. Shi ya sa ake yin irin wanda aka cika shi maƙil da ƙwallaye, ba keji a ciki, kamar Enduro MAX. Na injin wuta mai wannan lambar zai shiga, zai kuma yi aiki, sai dai ba zai daɗe ba.

Ban sa guduma ba. Dogon ƙarfe mai zare, noti biyu, manyan washa da soket na haɗa, na jawo tsofaffin, na tura sababbin a hankali, ina tabbatar da cewa zoben waje kaɗai nake dannawa. Alminiyam ba ya yafe boris ɗin da ya shiga a karkace. Wajen ɗaurewa na ɗiga shuɗin Loctite 243, gam mai hana noti kwancewa, a zaren, na ari sufana mai auna ƙarfi na bi lambar da aka rubuta a kan kowane noti.

Man fesawa da mutane ke gaggawar fesa wa gaɓa ban yarda da shi ba. Yana rufe bakin kukan na ɗan lokaci, yana wanke ragowar giris, sannan ya tara ƙura.

Shokazobar da aka ɗora wa laifi lafiyarta ƙalau. Na mayar da ita, na yi mata iska har ta riƙa nutsewa kusan kashi 30 cikin 100 idan na zauna. Ɗan huci da take yi idan ta dawo, mai ne ke wucewa a cikinta. RockShox, masu ƙera shokazoba, sun ce a buɗe gwangwanin iskar a sabunta mai duk bayan awa 50 na tuƙi, kuma shi ne aikin da ke gabana kafin damina. Shi kam sai an sace iskar kaf kafin a taɓa shi.