Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daga Tasha Zuwa Shagon Tela

A makon jiya na tsaya a ranar da zan tafi Azare ta'aziyya. Ina zaune a mota muna jiran ta cika, sai na ji an ajiye min ɗan kati a cinya, an rubuta da Turanci wai mai katin kurma ne, a taimaka masa. Ina ɗago kai muka haɗa ido. Ɗalibina ne, wanda na koya wa lissafi shekara shida, kuma ba a taɓa shan gabansa a aji ba. Ko katin bai tsaya karɓa ba, ya sulale cikin mutane. Har muka wuce Darazo bakina bai buɗu ba.

Ban ga laifinsa ba. Mu a makaranta idan yaro ya gama sakandare sai a yi addu'a, a ɗauki hoto, a sallame shi. Ga kuma matsalar harshe. Yaren hannun da muke koyarwa tushensa na Amurka ne, wanda wani kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya shigo da shi ta Ibadan a 1960, rubutunmu kuma Turanci. A kasuwar Bauchi kuwa Hausa ake yi, maganar hannun da mutane suka sani ita ce irin ta gida. Sai yaro ya fito da ilimin da ba mai fahimtarsa sai abokan ajinsa.

A Janairun 2019 na ji a rediyo Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Na yi murna sosai. Na tattara takardun yara huɗu, har da nasa, na yi ta zaga ofis-ofis. Wani ya ce babu gurbi, wani ya ce in dawo. Wani kuma ya tambaye ni tsakani da Allah, wa zai riƙa yi masa tafinta kullum? Na rasa amsa.

Daga nan na nufi wani aminin mahaifina, tela ne a kusa da kasuwar Wunti. Na tafi da goro, da yaron, da yayan babansa.

"Baba, amana na kawo maka," na ce bayan mun gaisa.

Ya dubi yaron, ya dube ni. "Ɗana, ni da baki nake aikina. Miƙo almakashi, hura dutsen guga, je ka sayo zare. Wanda ba ya ji, ta ina zan fara?"

"Ka ba mu wata ɗaya, Baba. Ni ma zan zauna tare da shi."

Ya yi shiru, sannan ya ce albarkacin mahaifina ya yarda.

Haka na riƙa zuwa kullum bayan la'asar. Na samu kwali na zana almakashi, tef, alli, allura da kan keke, kowanne da sunansa na Hausa da alamarsa ta hannu, muka manna a bango. Muka yi ƙa'ida: ba a jifansa da ƙyalle don a kira shi, a taɓa kafaɗarsa ko a buga teburin da yake kai, zai ji motsin. Awo kuma sai a rubuce. A watan nan na gane cewa ba yaron na zo koya wa ba, mutanen shagon ne ɗalibaina. Shi kam ido yake sa wa hannun Baba, abin da ya gani sau biyu ya ɗauke. Cikin mako uku yana dasa maɓalli da kalmasa, ya fara haɗa aljihu. Sauran yaran shago sun riga Baba iya alamun, har na tarar suna gardamar ƙwallo da shi da hannu, ana ta dariya. Ranar na koma gida da sanyin zuciya.

Wata ya cika, Baba bai ce komai ba, ni ma ban tuna masa ba. Na rage zuwa sai sau biyu a mako, kuma yanzu na san na yi gaggawa, domin azumi ya kama a watan Mayu, ɗinkin Sallah ya taru, ana kwana a shago, kowa ya manta da ƙa'ida.

Ranar wata Talata Baba ya kira ni a waya, muryarsa ba yadda na saba ji ba. Wani mai kaya ya dawo ya ce a ƙara tsawon rigarsa da inci uku. An faɗa da baki a tsakiyar shago, kowa ya ji, yaron yana duƙe ya ba su baya. Shi kuwa ya bi abin da ke rubuce a littafin awo, ya sa almakashi a shaddar mutane.

Da na isa na same shi a bakin shago, ya haɗa kai da gwiwa. Yana ganina ya ɗaga hannu ya tambaye ni: "Malam, korata za a yi?"

Mai shaddar zai zo ranar Alhamis. Abin da ya faru da ya zo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.