Asabar: na kwaso wa Baba mutanensa daga tsohon memori

Yanzu ƙarfe sha ɗaya saura na dare, idona har yaji yake saboda kallon sikirin tun safe, amma dai bari in rubuta kafin in kwanta don kar in manta yadda aka yi, na san watarana wani a gidan nan zai sake buƙata.

Sati biyu kenan da Yaya ya aiko wa Baba sabuwar waya babba mai Android, tana nan a kwalinta a kan durowa, Baba ya ƙi taɓa ta. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce shi wayar da babu mutanensa a ciki me zai yi da ita. Mun sa masa sim ɗinsa tun ranar farko, sunaye sun fito amma 250 ne kawai, don iyakar abin da sim ɗin yake ɗauka kenan, kuma duk sunan da ya yi tsawo an gutsure shi, sannan mutum ɗaya lamba ɗaya. Baba kuwa shekara sama da talatin yana harkar hatsi a Dawanau, mutanensa sun wuce haka nesa ba kusa ba.

To yau da safe bayan mun karya sai ya kira ni, Uwata zo nan, haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Na tarar ya buɗe wani tsohon gwangwanin alawa da yake tara rasitai a ciki, ya zaro wata takarda a ninke, a cikinta ɗan memori ne mitsitsi mai giga 2. Ya ce na tsohuwar Nokia E63 ɗinsa ce wadda ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali, kafin ta mutu wani yaro a kasuwa ya kwafe masa duk lambobin ya zuba a memorin, ya ce masa ya adana. Shi kuma tun daga nan ƙaramar waya mai tocila yake riƙewa, ba ta karanta abin da ke ciki, sai ya ajiye. Wlh sai da gabana ya faɗi da na ga shekarun da abin ya yi a gwangwani, na yi ta addu'a Allah sa bai lalace ba.

Na zura shi a sabuwar wayar, alhamdulillah ya buɗe. Akwai folda mai suna Others, a cikinta wata Contacts, na shiga sai ga fayil 612, kowane mutum da nasa fayil daban, duk ƙarshensu .vcf. Na yi murna na ce ai an gama. Na shiga wurin lambobi na zaɓi a shigo da su daga fayil, sai wayar ta ce in zaɓa, na yi musu alama duka na danna. Ta yi ta juyawa ta yi ta juyawa kusan minti goma, daga ƙarshe ta shigo da ɗari huɗu da wani abu ta tsaya, sauran ko bayani babu. Kuma waɗanda suka shigo ɗin ma wasu sunayensu sun koma wani irin rubutu, alamar daidai da haruffa da lambobi a jere kamar =D8=A7=D9=84, wasu kuma babu suna sam sai lamba tsirara. Na nuna wa Baba ya duba ya duba ya ce Uwata waɗannan ba mutanena ba ne. Yadda ya faɗi maganar a hankali ya taɓa min zuciya sosai.

Na goge su duka na ɗauko laftof, na aika ƙanina maƙwabta ya aro min kad rida, ɗan abin nan da ake zura memori a ciki a jona shi da kwamfuta. Abu na farko da na yi, na kwafe foldar gaba ɗaya na ajiye a wuri biyu, ɗaya a laftof ɗaya a filash, kuma wannan ne ya cece ni daga baya.

Na buɗe fayil ɗaya da Notepad don in ga me ke ciki. Ashe rubutu ne zalla, layi biyar ko shida. Na farko BEGIN:VCARD, na biyu VERSION:2.1, sai layin suna mai farawa da N, sai layin lamba mai farawa da TEL, a rufe da END:VCARD. Shi wannan tsari vCard ake ce masa, kuma 2.1 ɗin nan tun 1996 aka fitar da shi, kafin ma GSM ta shigo Najeriya a 2001, bayansa an yi 3.0 a 1998 sannan 4.0 a 2011. Wato fayilolin Baba da tsarin da ya girme ni aka rubuta su. A tsohon tsarin idan suna da haruffan boko ne zalla to ba matsala, a haka yake zama. Amma idan da wani rubutu ne kamar Larabci, sai a mayar da kowane harafi wasu lambobi masu alamar daidai a gaba, a rubuta QUOTED-PRINTABLE a layin don wayar da za ta karɓa ta san ta warware su. Wancan =D8=A7 da na gani alif ne, =D9=84 kuma lam, farkon Alhaji kenan. Sannan idan sunan ya yi tsawo sai a karya layin a sa alamar daidai a ƙarshe a ci gaba a ƙasa, to a nan ne wasu manhajojin suke rikicewa su yar da sunan.

Baba kuwa da yake wayar daga Saudiyya ta zo akwai haruffan Larabci a madanninta, shi kuma allo ya yi, ajami ya fi masa sauƙi a hannu, don haka fiye da rabin sunayen da ajami ya rubuta su. Shi ya sa abin ya fi shafarsa.

Na yanke shawarar in haɗe fayilolin su zama ɗaya in bi ta Google da su. Haɗewar ba wuya, a cikin foldar ake buɗe baƙin allon nan na cmd a rubuta copy *.vcf duka.vcf a danna, ƙiftawar ido ya gama. Amma da na buɗe sai na ga a wasu wurare ƙarshen mutum ɗaya ya manne da farkon na gaba, END:VCARDBEGIN:VCARD a layi ɗaya, to irin wannan in aka bar shi mutum biyu za su cakuɗe ko a tsallake ɗaya. Na bi na raba su. Ina cikin yi aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma ba ya jimawa, dole na tsaya na je na taya Umma aikin tuwo har aka dawo da ita wajen azahar.

Bayan na yi sallah na shiga Google Contacts da imel ɗin da na buɗe wa Baba, na ɗora fayil ɗin. Minti ɗaya bai cika ba sai ga sunaye suna zubowa, ajamin ya fito tas daga dama zuwa hagu yadda ya rubuta shi. Na ƙirga, 612 cif. Wallahi sai da na yi hamdala a fili har Umma ta leƙo tana tambaya lafiya.

Sai kuma na so in gyara lambobin gaba ɗaya a lokaci guda, na sauke su a tsarin CSV, wanda yake jera su layi-layi kamar jadawali, na buɗe da manhajar tebur ta kwamfuta. Nan na ga tashin hankali, duk sifirin farko ya ɓace, 0803 ta koma 803, wasu ma sun koma wani abu kamar 8.03E+09, saboda manhajar ta ɗauke su adadin lissafi ne, shi kuma adadi ba ya farawa da sifiri. Allah ya taimake ni ban ɗora wannan ba, na rufe na goge shi na koma kan na asali. Duk wanda zai yi irin wannan aikin don Allah ya bar ainihin fayil ɗinsa a gefe kar ya taɓa shi, a kan kwafi ake gwaji.

Gyaran da ya rage kuma ba na kwamfuta ba ne, sai da Baba a kusa. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya sa tabarau, ni ina riƙe da laftof shi yana riƙe da sabuwar wayar, karon farko kenan da ya ɗauke ta da hannunsa. Akwai lambobi masu farawa da 064, wayar tarho ta Kano ta zamanin da, waɗannan ya ce a bar su ko da ba sa shiga. Akwai na mutanen Nijar da yawa, wasu an rubuta da 009227 a gaba, wasu 00227, wasu lamba takwas ɗin kawai ba komai a gabanta, duk na mayar da su +227 don su fito a WhatsApp. Na Saudiyya guda huɗu na sa musu +966. Wasu mutanen sun fito sau biyu saboda na sim da na memori sun haɗu, Google ɗin yana da wurin haɗe masu kama da juna amma ban yarda na danna a haɗe duka ba, don Baba yana da Alhaji mai wake har uku kuma ba mutum ɗaya ba ne, ɗaya bayan ɗaya muka bi.

Sunayen nan su ne suka fi ɗaukar mana lokaci kuma su na fi jin daɗi. Baba ba ya rubuta sunan mutum kawai, sai ya haɗa da sana'arsa ko garinsu ko abin da ya haɗa su. Direba Maigatari. Mai auna riɗi. Dillali layin gero. Malamin da ya yi mana saukar Yaya. Mai daf ɗin Maraɗi. Da yake madannin Larabci ba su da wasu haruffanmu na Hausa, ya yi ta dabara da abin da ya samu, kuma babu wasali, don haka akwai waɗanda in ba shi ba babu mai iya karanta su, ni sai in karanto wani abu daban ya gyara min. Na tambaye shi ko in mayar masa da su boko, ya ce a'a a bar su yadda suke, a haka ya san su. Ina ganin gaskiyarsa ne, kuma ban ji daɗin yadda mu yaran gidan muka yi ta ce masa kawai ya fara tara sababbi ba, ba mu tsaya mun tambaye shi me yake nema a tsofaffin ba.

Don ashe akwai wanda yake nema. Muna cikin bi sai ya ce tsaya, koma baya. Wani mutumin Tasawa ne da suka daɗe suna cinikin wake da riɗi. Ya yi shiru kaɗan sannan ya ce Uwata akwai cikon kuɗin buhu goma sha biyu na bawan Allahn nan a wurina, sun yi a kan in ya dawo zai karɓa, bai dawo ba, wayar ta mutu, lambar da ke sim kuma ya yi ta kira ba ta shiga, ya tambayi direbobi da 'yan garinsu da ke zuwa kasuwa wasu su ce ya bar harkar wasu su ce ya tashi daga garin. Ya ce duk shekara in ya zo fitar da zakka sai ya ware kuɗin nan gefe don ba nasa ba ne, kuma ya rubuta a littafinsa saboda halin rai. Ni ban taɓa sanin wannan maganar ba, ina jin Umma ce kaɗai ta sani.

Na buɗe sunan, sai ga lamba biyu a ƙarƙashinsa. Ta biyun ita ce sim ya yar tun tuni saboda ɗaya kawai yake ɗauka, shekarun nan duk tana kwance a memori cikin gwangwani. Muka fara kiran ta farko, ba ta shiga kamar yadda ya faɗa. Na sa masa kati muka kira ta biyun, ta yi ƙara har ta katse ba a ɗauka ba. Muka sake. Can sai wani ya ɗauka da irin Hausar can, Baba ya yi sallama ya faɗi sunansa da layinsu a Dawanau, sai na ji mutumin ya ɗaga murya yana Allahu akbar Alhaji kai ne. Ashe ƙaninsa ne, lambar shagonsa ce, bai taɓa canza ta ba. Ya ce yayan nasa yana nan da rai, ciwon ƙafa ne ya hana shi tafiye-tafiye, yanzu yana Agadas wurin ɗansa. Ya karanto sabuwar lambar na rubuta a bayan rasit, na maimaita masa sau biyu don kar a samu kuskure.

Baba bai kira ba yau. Ya ce magariba ta gabato kuma irin wannan maganar ba a yin ta a tsaitsaye, sai gobe da hantsi in ya natsu, kuma yana so ya fara duba littafin ya tabbatar da adadin, sannan ya tambayi yadda canjin sefa yake yanzu don kar ya tauye masa haƙƙi. Amma da kansa ya ce in nuna masa yadda ake sa sabuwar lamba, na canza masa madannin zuwa Larabci, ya rubuta sunan da ɗan yatsa ɗaya a hankali, ya goge ya sake har sau uku kafin ya yi masa yadda yake so.

Mun tsaya a mutum na 380, saura 232 sai gobe. Na fitar da sabon kwafi daga Google na tura wa Yaya ta imel ya ajiye a wurinsa, memorin kuma na mayar wa Baba ya nannaɗe shi a takardarsa ya mayar gwangwani. Kad ridar maƙwabta tana nan a jakata, da safe in sha Allah zan ba ƙanina ya mayar musu.